Mun Bar Sajan a Tsallaken Kogi

Litinin, bayan azahar

Likitan sansani ya hana ni tashi. Ya haska mini ido da 'yar tocilarsa, ya sa na miƙe hannuwa don ya ga ko suna rawa, suka ƙi yi masa rawar, amma duk da haka ya ce in je gida in huta. In huta da me? Shekara da shekaru ina tuƙa helikwaftan soja, ban taɓa zaman gida ranar Litinin da rana tsaka ba. Maman yara sai zagaye ni take yi da tsintsiya kamar buhun da aka ajiye a kan hanya.

Ranar Juma'a mun je tsallaken kogi ɗauko sojojin da aka jikkata. Mu uku ne ma'aikatan jirgin: ni, da mataimakina Dogo, da Sajan mai kula da ƙofa da duk abin da ke baya. Mun dawo da masu rauni. Ba mu dawo da Sajan ba. Yana can, a raye ko a mace babu wanda ya sani, kuma wurin yanzu a hannun abokan gaba yake.

Iya abin da zan iya rubutawa ke nan yau.

Talata, da safe

Babu labari. Hadari ya rufe gabas.

Talata, da la'asar

Na ce wa Maman yara zan je sayen reza, na zarce rumfar jirage. Makanikai suna ganina hira ta mutu. Sun bi duk ramin harsashi a jikin jirgin sun zagaye shi da alli, sun cire bututun man da aka fasa sun ajiye a kan tebur. Na shiga ta ƙofar baya, abin da rabona da yi har na manta. An wanke jinin, amma hanci ya fi ruwa naci.

Rigar kayan Sajan tana rataye a ƙugiyar bayan kujerata, da rediyonsa a aljihu. Duk sanda zai ɗaga mutum sai ya cire ta, wai tana cin masa hammata. Na yi faɗa har na gaji. Sai ya ƙame, ya sara mini, ya ce, "An daina, Oga," gobe kuma ya sake. To ga shi nan, rediyon da zai kira mu da shi yana nan yana kallona.

Sajan ya girme ni nesa ba kusa ba. Ga tumbi, ga murya kamar ana jan gwangwani a kan siminti, kuma bai yarda a hana shi waƙa a cikin wayar kunne ba. Kullum cewa yake ni da Dogo direbobi ne kawai, shi ne kwandasta, mota kuwa ba ta tashi sai kwandasta ya buga. Gaskiyarsa ce. In muka sauka ɗaukar mutane, ba na ɗaga jirgi sai na ji muryarsa ya ce, "Baya lafiya, tashi." In kuwa ya fita waje ya zare igiyar wayarsa, ya dawo a guje babu lokacin jona ta, sai ya dafa kafaɗata sau biyu da ƙarfi. Haka muka saba, haka kowane jirgi yake yi.

Ranar Juma'a an dafa kafaɗata sau biyu.

Laraba, da hantsi

Tun da gari ya waye Tsoho nake tunawa, malaminmu na makarantar tuƙi. Ban san me ya kawo shi ba. Ƙarya nake, na sani.

Ranar da ya fara sakar mini sanda ya ce in tsayar da jirgi wuri ɗaya a sama, na zagaye filin nan kaf kamar akuyar da ta tsinke igiya. Ya naɗe hannu yana kallona har na jiƙe da gumi, sannan ya ce, "Yaro, filin nan ba gadonka ba ne, rage wa sauran ɗalibai." Mugunta kuwa ya iya ta. Zai tambaye ka lafiyar mahaifiyarka da murya mai daɗi, kana cikin amsawa ya rage injin gaba ɗaya, ya ce to sauke mu. Mun zage shi a ɗakin kwana, zagin da ba ya rubutuwa. Daga baya duk wanda injinsa ya mutu a sama ya sauka da ransa, shi ya fara sa wa albarka.

Abu ɗaya ne ba ya wasa da shi, waiwaye. Yana da wani zobe mai kauri, da ka juya wuya sai ka ji shi ƙwas a kan hular kwano. "Me ka ajiye a baya? Idonka gaba, idonka kan agogon jirgi. Baya akwai mai ita. Ran da ka waiwaya ana ruwan wuta, hannunka zai bi wuyanka, jirgi ya karkata, farfela ta sari ƙasa, ka kashe na bayan da kake son gani." Yakan sa a yi ihu a bayanmu, a jefar da bokiti, don ya ga wanda zai juya. Ni ne na fara dainawa. Har tsayar da ni ya yi gaban 'yan ajinmu ya ce su koyi wuya a wurina, na yi sati ina tafiya kamar zakara.

Na iya darasin nan ƙwarai. Ina ma a ce daƙiƙi ne ni.

Alhamis, da yamma

Kwamitin bincike. Manya uku a bayan dogon tebur, ɗaya rabonsa da shiga jirgi tun bel yana iya zagaye cikinsa. Fanka tana juyawa tana ɗaga musu takardu, kowa ya danne tasa da kofi.

"Kyaftin, hannun wa ne ya taɓa ka?"

"Ban gani ba, Yallaɓai."

"Ba ka duba ba?"

"Ba a koya mini in duba ba, Yallaɓai."

Suka kalli juna suka gyaɗa kai. Na shiga da shirin a wanke ni tas, a tsige mini anini, a ce ni ne. Sai babbansu ya ce a ganinsu na bi ƙa'ida, har da yi mini sannu. Wallahi da ya mare ni da na fi jin daɗi. Na fito na tarar da Dogo a kan benci yana jiran nasa kiran, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Ya miƙe ya sara mini, na wuce ban iya kallon idonsa ba.

Juma'a, da safe

Sati ya zagayo. Babu labari.

Asabar, bayan azahar

Maman yara ta dawo daga layin gidajen ƙananan hafsoshi idonta ja. Wai wasu matan bariki sun haɗu sun je yi wa matar Sajan gaisuwa, Maman 'Yan Biyu mai ɗinki. Ta tare su a ƙofa ta ce wa ya mutu? Ta ce duk wadda ta ga gawa ta shigo, wadda ba ta gani ba ta koma ta duba tukunyarta. Suka juyo sumu-sumu.

"Abban yara, ya kamata ka je ka gan ta."

"Zan je."

"Yaushe?"

Na ce mata shayin nan ya yi sanyi. Ta ɗauke kofin, ta ajiye shi a kicin da ƙarfin da na ji har falo. Da yamma zan je shago, na bi ta bayan makarantar yara don kada in wuce ta layinsu. Ni da na sha ratsa wuta, yau ƙofar tela nake gudu.

Lahadi, da la'asar

Na je asibitin sansani wurin waɗanda muka ɗauko. Na ce dubiya na je. Gado-gado na bi ina tambaya: wa ya taɓa ni? Wa ke kusa da kujerata?

Babu wanda ya sani. Wani kofur da aka naɗe wa kai ya ce, "Yallaɓai, a lokacin nan kowa dukan kowa yake yi, kowa ihu yake a tashi. Ni kaina ban san abin da hannuna ya yi ba." Wani da aka yanke wa ƙafa ya kama hannuna da nasa biyu yana ta godiya, yana cewa ba don ni ba da 'ya'yansa sun zama marayu. Na tsaya ina murmushi kamar gunki, ina jin kamar in fizge hannuna in gudu.

Zan fita sai na gadon ƙarshe ya kira ni. Shi ne aka sa a bakin ƙofar jirgi, fuskarsa tana kallon waje. Ya ce Sajan ya gama loda su, sai ya hango saura mutum ɗaya kwance cikin ciyawa, ya koma ɗauko shi. Ya ce ya ga an same shi a ƙafa ya faɗi.

Na ce, "Ya tashi?"

"Ya tashi, Yallaɓai. Muna yin sama yana tsaye a kan ƙafa ɗaya, yana ɗaga mana hannu."

Ban san yadda na iso gida ba. Amma yana da rai lokacin da muka tafi. Yana da rai.

Litinin, da hantsi

Na shiga ofishin Kwamanda ba tare da an kira ni ba. Ya bar ni na yi ta zuba har na gama. Ya tuna mini, kamar ban sani ba, cewa washegarin abin ya tura wani jirgi, aka buɗe masa wuta tun bai ƙetare kogi ba, ya juyo da ƙyar. An karya gada, sojojin ƙasa ba za su iya haye ruwa ba sai an kawo musu kayan aiki. Jirgin leƙen asiri maras matuƙi yana can wani fagen, ko da yana nan ma gajimare ba zai bar shi ya ga komai ba.

"Ba zan ba da mutum uku da jirgi a kan mutum ɗaya da ban san ko yana numfashi ba. In yana da rai zai gangaro bakin kogi, masu sintiri su gan shi."

"Ba zai gangaro ba, Yallaɓai. Ka san abin da ake koya mana. In an bar ka, ka ɓuya kusa da inda aka bar ka, nan jirgi zai dawo nema. Sajan da bakinsa yake koya wa sababbi wannan. Ba zai motsa ba ko da wata zai yi."

Na ce ya ba ni kowane irin jirgi, ko wanda ake cire wa kaya ne, in tafi ni kaɗai. Na ɗaga murya, na faɗi abin da ba a faɗa wa na gaba. Ina jiran ya kira a fita da ni, sai ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce tun yana ƙaramin hafsa Sajan yake buga masa kafaɗa, kafin ni in san hanyar makarantar tuƙi. Ya ce in fita in rufe masa ƙofa.

Na so a ce mugu ne. Da ya fi sauƙi.

Talata, da asuba

An kwana ana ruwa. Maman yara tana mitar shanyarta, ni kuwa daɗi nake ji, don ko ba komai Sajan zai samu na sha.

Laraba, da rana

Na yi abin kunya a mes, ɗakin cin abincin hafsoshi. Wani manjo na ɓangaren kaya, mutumin da ko ƙarar bindiga a talabijin yake jinta, yana tauna yana ba da fatawa. Wai mutumin da aka bari haka ai sun kama shi tuntuni, wataƙila ma yana can yana zayyana musu sirrin sansani don ya tsira da wuyansa. Ban san lokacin da kofin hannuna ya bar hannuna ba. Bai same shi ba, bango ya samu, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Aka rirriƙe ni. Yanzu an ce kada in sake shiga mes sai likita ya yarda.

Alhamis, bayan magariba

Dogo ya zo gida. Ya zauna a bakin kujera, Maman yara ta kawo masa abinci ya yi ta juya cokali. Muka yi maganar ƙwallo, muka yi maganar ruwa. Da zai tafi na raka shi bakin mota, sai ya ce, "Oga, ban faɗa wa kwamiti na juya ba. Ba su tambaya ba."

Bari in rubuta, tunda na yi ta kewaye-kewaye.

Ba mu kai kogi ba na kira shi a waya. Na ce, "Sajan, yaya baya?" Shiru. Na sake kira. Na ɗauka igiyar ce bai jona ba. Dogo ya saki bel ɗin kafaɗa ya juya, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Oga, ba ya ciki." A lokacin allurar agogon man inji ta fara sauka, jar fitila ta kama, warin ƙuna ya cika mana hanci. Baya cike da mutane suna nishi. Dogo yana kallona, ina jin idonsa a gefen fuskata. Wurin yana nan kusa, da na karkata sanda kaɗan da na hango shi.

Na ce, "Mu ci gaba."

Injin ya mutu ne muna taɓa ƙasa a sansani. Makanikai sun ce da na juya da a cikin daji za mu zube gaba ɗaya. Dogo ya faɗa mini haka, likita ya faɗa, Maman yara ma da ba ta san komai a kan inji ba ta faɗa. Na sani. Sanin bai sa abinci ya wuce mini maƙogwaro ba.

Juma'a, da hantsi

Babu labari. Ruwa.

Asabar, da yamma

Ina zaune a falo na zuba wa bango ido, auta ta lallaɓo ta bayan kujera za ta nuna mini zanen da ta yi, ta bubbuga mini kafaɗa. Na zabura na daka mata tsawar da ban taɓa yi wa ko kurtu ba. Yarinya ta saki takarda ta ruga ta shige bayan uwarta.

Maman yara ta rarrashe ta, ta kai ta ɗaki, ta dawo ta tsaya a kaina. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Mu ba mu bar kowa a daji ba, Abban yara. Ka je ka ga matar nan, ko ka samu ka dawo gidanka."

Ta fi ni gaskiya, shi ya sa na yi fushi.

Lahadi, bayan la'asar

Na je.

Tana kan keken ɗinki a baranda, tana haɗa rigunan makaranta, allura a baki. 'Yan biyun suna tsakar gida suna faɗa a kan ƙwallo, da suka gan ni suka ƙame suka sara mini yadda ubansu ya koya musu, tumbi gaba. Na kusa juyawa.

Ta cire allurar ta ce, "Yallaɓai, ba dai gaisuwar mutuwa ka zo ba?"

"A'a, Maman 'Yan Biyu."

"To bismillah, zauna."

Ta sa aka kawo mini ruwa. Ba ta tambaye ni yadda aka yi ba, na kuwa zo da jawabi a baki tun daga gida. Ta ci gaba da taka keke, ta kai ƙarshen layi, ta yanke zare da haƙori.

"Kullum in na yi masa mita yana cewa in kwantar da hankalina, ku ba ku barin mutum. Ya ce ko gawa ce sai kun koma kun ɗauko. Ya ce musamman kai."

Na ce haka ne.

"To yaushe?"

"Da zarar an ba mu hanya."

Ta ɗago ta dube ni sosai. "Wa zai ba ku hanya? Ba ku ne a sama ba?"

Na ce mata da ni za a je, kuma ba zan dawo ba tare da shi ba. Ta ce Allah ya sa, ta jawo wata rigar ta sa a ƙarƙashin allura. Da zan tafi ta ce in gaya wa Maman yara ɗinkinta ya kusa, saura hannu.

Litinin, da safe

An ce kayan haye kogi sun iso. An ce. A barikin nan "an ce" ya fi kowa muƙami.

Talata, da rana

Na koma wurin likita na yi masa ƙarya son raina. Ina barci? Kamar jariri. Ina cin abinci? Har da ƙari. Ya dube ni, ya dubi bel ɗina da na ƙara wa huda, ya sa hannu ya ce in ɓace masa da gani.

Laraba, da la'asar

Sojojin ƙasa sun haye. Kwamanda ya kira ni da kansa: gobe da sassafe, ni da Dogo, da wani sajan da aka aro mana daga wani jirgi, da ma'aikacin jinya. Na je rumfa na zagaye jirgin da aka ba mu har makanikai suka fara tsokanata ko aurensa zan yi. Na ɗauko rigar kayan Sajan na rataye a bayan kujerata, in ya shigo in jefa masa ita a fuska.

Na saya wa auta alewa. Ta karɓa, amma daga nesa.

Alhamis, da hantsi

An fasa. Manyan baƙi sun zo ganin inda aka haye kogi, kuma jirginmu ne kaɗai mai lafiyar da zai ɗauke su. Na kai su, na dawo da su. Ɗaya yana ta ɗaukar hoto ta taga yana cewa daji ya yi kyau da damina. Daga inda na juya da su ina hango tudun da ke gaban wurin.

Juma'a, da azahar

Hadari tun asuba, ko ƙarshen titin jirgi ba a gani. Mun zauna cikin jirgi da hula a kai har aka ce mu sauko.

Asabar, da yamma

Mun je.

Ina tafe ina tunanin yadda zan sauka, don wurin da na sani ciyawa ce har ƙugu, ga duwatsu a ɓoye, ga kututture, ga ruwan da aka yi ta yi. Muna haye tudun Dogo ya kama hannuna ya nuna ƙasa.

Fili ne a share, zagayayye, daidai faɗin farfela da ɗan rara. An yanke ciyawar, an kwashe duwatsun, an tone kututturen. A gefe an kafa dogon reshe, an yaga farar singileti an ɗaura a kai, tana kaɗawa tana nuna mini inda iska take fitowa. Tun da nake tuƙi ban taɓa samun sauka mai sauƙin wannan ba. Jirgi ya zauna kamar an ajiye faranti.

Na bar wa Dogo sanda na fita a guje ina kiran Sajan. Sojojin ƙasa sun riga mu isa da kaɗan, wani laftana ya tare ni ya cire hularsa.

Sajan yana cikin wani ɗan kwazazzabo a bakin filin, inda zai iya ganin sama ba a gan shi ba. Ya jingina da dutse, wuƙarsa a cinya. Ya ɗaure ƙafar da bel da tsumma, ta kumbura ta yi baƙi har gwiwa. Tumbin nan duk ya tafi. Duwatsun da ya kwashe daga filin, da su ya rufe sojan da ya koma ɗaukowa, ya jera su tsaf, ya ɗora hular mutumin a kai.

Ciyawa ba ta jira da damina, yau ka yanke jibi ta tsiro. Laftanan ya nuna mini inda aka bi ta aka sake bi, sabon yanka a kan tsoho. Ta gefen kwazazzabon kuwa duk sawun gwiwa ne da tafin hannu a cikin laka. Da rarrafe ya yi na ƙarshen.

Na tambayi ma'aikacin jinya tun yaushe. Ya yi ta kame-kame, na ce ya faɗa mini. Ya ce bai fi kwana biyu ko uku ba. Laftanan kuma, don yana ganin zai sanyaya mini rai, ya ce da alama abokan gaba sun bar yankin nan tun satin farko, shi ya sa ba su same shi ba.

Ni na ɗauki wajen kansa. Ba shi da nauyi ko kaɗan.

Lahadi, da hantsi

Kwamanda ya ce aikinsa ne ya je ya faɗa wa Maman 'Yan Biyu, na roƙe shi ya bar ni in riga shi. Ba na son ta ji daga bakin mai karanta takarda.

Ta gan ni da kaki tun daga bakin layi, ta tsayar da keke. 'Yan biyun ba sa nan, sun tafi wasa gidan maƙwabta. Ta miƙe tsaye ta riƙe ƙarfen baranda.

"Kun kawo shi?"

"Mun kawo shi, Maman 'Yan Biyu. Sai haƙuri."

Ta yi salati a hankali. Sannan ta ce, "A ina kuka same shi?"

"A inda muka bar shi."

"Tun ranar ya cika?"

A hanya na shirya zan ce mata e, nan take, bai sha wahala ba. Kowa zai goyi bayana, har ma'aikacin jinyar. Amma in na faɗi haka na share duk abin da ya yi da gwiwoyinsa a cikin lakar nan, don kawai in samu sauƙin kallonta. Sai na faɗa mata. Filin, da ciyawar, da duwatsun, da singiletin a kan reshe. Na faɗa mata jinkirin Alhamis da Juma'a ma, ban rage komai ba.

Ba ta yi kuka ba. Ta saurara har na gama, ta ce, "To da kuka je, kun sauka lafiya?"

"Lafiya lau."

"Bai bar ko dutse ɗaya ba?"

"Ko ɗaya."

Ta gyaɗa kai. "Haka yake. Ba ya rabin aiki."

Ta shiga ɗaki ta ja ƙofa, sai a lokacin na ji muryarta. Na tsaya a barandar da hula a hannu, ban iya tafiya ba, ban iya zama ba. Ina nan tsaye 'yan biyun suka shigo a guje da ƙwallonsu, suka gan ni, suka ƙame suka sara mini.